Yadda ake shirya taro da kasuwar baje kolin masu sha'awar rediyo a Birnin Kebbi

Mai rediyon sha'awa mutum ne da ya samu lasisi, aka ba shi lambar kira, ya kafa eriya a bayan gidansa, yana magana da irinsa a Yamai ko Italiya babu kati babu intanet, kuma doka ta hana shi neman kuɗi da abin. Lambar kiran Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U, ta Benin da TY. Masu wannan sha'awa a duniya suna da tarukan shekara da suke haɗa kasuwa da karatu da zumunci. Mafi suna shi ne Hamvention na jihar Ohayo a Amurka, wanda aka fara a 1952, ake yi kwana uku a watan Mayu, kuma yake tara sama da mutum 30,000. Na Turai ana yin sa a Friedrichshafen ta Jamus a watan Yuni.

Ba girman waɗannan za a kwaikwaya a Kebbi ba. Mutum 150 da tebur 20 a shekarar farko taro ne babba. Abin da zai sa a sake yi baɗi shi ne hukuma ta yarda da ku, mai saye kuma ya koma gida da na'urar da ke aiki.

Takarda kafin komai

A wannan yanki, wanda aka gani da oba-oba a hannu sai ya yi bayani, kuma kowa ya san dalili. Saboda haka aikin takarda yana farawa wata huɗu kafin ranar, tun ba a yi maganar rumfa ko kujera ba.

A nemo aƙalla mutum biyu masu lasisi mai rai waɗanda sunansu da lambar kiransu za su hau kan kowace wasiƙa. Tashar da za a kafa a filin taro a ƙarƙashin lasisinsu take. A rubuta wa Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya a Abuja, sashen da ke kula da rabon zango, a faɗi rana da wuri da zangunan da za a yi aiki a kai da ƙarfin na'ura. A sanar da ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Nijeriya, NARS, domin wasiƙarta tana ƙara wa taku nauyi. Daga nan sai ofishin kwamishinan 'yan sanda, da DSS, da Sibil Difens. Kada a aika yaro da ambulan. Dattawan kwamiti su je da ƙafarsu, da kwafin lasisi, su roƙi a turo jami'i ya zauna a taron, su kuma karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. Hakimin wurin da fadar Sarkin Gwandu su ji daga bakinku kafin su ji a gari.

Wajen rubuta sunan taron da Hausa a kiyaye. Wasu kan fassara shi da "rediyon 'yan sa-kai", alhali a Kebbi da Zamfara wannan kalma tana nufin wani abu dabam da zai sa jami'i ya ɗaga gira. A rubuta "masu sha'awar rediyo" a huta.

Baƙin da za su shigo ta Kamba daga Nijar, ko daga Benin, lasisin ƙasarsu bai ba su damar kunna na'ura a nan ba. A faɗa musu tun a takardar gayyata: su zo da kansu, na'urar aikawa ta zauna a gida, sai wanda ya bi hanyar kwastan da izini. A tanadi mai jin Faransanci da Zabarmanci a teburin rajista.

Wane wata, wane fili

Tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi. Damina ta wuce da tsawarta, hazo bai yi kauri ba, rana da sauƙi. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, na'ura mai wat 100 a ƙarƙashin rumfa tana rage ƙarfinta da kanta ko ta mutu, batir ma yana galabaita. A duba kalanda a kauce wa azumi da sallah da lokacin bikin kamun kifi na Argungu, domin masauki kan yi wuya. Asabar da Lahadi sun isa, a yi kafe-kafe ranar Juma'a bayan an sauko.

Fili mai katanga da ƙofa ɗaya ake so, da zaure mai ɗaukar mutum 100, da sarari na aƙalla mita 60 a 40 don eriya. Harabar makarantar fasaha ta fi dacewa, tun da ga ɗaliban lantarki a kusa. A nisanci filin jirgin sama, a nisanci manyan wayoyin wuta da taransifoma.

Akwai gwaji ɗaya da ake yawan tsallakewa, daga baya a yi da-na-sani. Mako biyu kafin a biya kuɗin wuri, a je da rediyon gajeren zango mai batir da waya mai tsawon mita 10, a saurari 7.1 da 14.2 MHz da safe, da azahar, da bayan magariba. In allurar sigina, wadda ke nuna ƙarfin abin da rediyo ke kamawa daga S1 zuwa S9, tana zaune a S3 ko ƙasa alhali babu mai magana, wurin ya yi. In tana S7 ko S8, ƙarar inbata da fitilun LED da cajar waya ta maƙwabta ta cika wurin, kuma ba za ku ji kowa ba sai manyan tashoshi. Irin wannan ƙara ba ta da magani a kwana biyu. A sake wuri.

Wuta

Kada tashar ta dogara da wutar layi. Na'urar gajeren zango mai wat 100 tana son bolt 13.8, tana jan kusan amfiya 20 zuwa 22 a ƙololuwar magana, amfiya 1 zuwa 2 in ana sauraro. A lissafin yini, in ana magana kashi ɗaya ana sauraro kashi uku, a ɗauka amfiya 5 a tsaka-tsaki, wato 40Ah a awa takwas. Batirin dalma ba a shan fiye da rabinsa, don haka 100Ah ga kowace tasha shi ne mafi ƙanƙanta, 200Ah kuma kwanciyar hankali. Wayar da ke tsakanin batir da na'ura kada ta wuce mita 2, kaurinta 4mm² ko fiye, da fiyus na amfiya 25 ko 30 dab da kan batir. Siririyar waya tana zubar da wuta: batir yana nuna 12.4, abin da ke isa na'ura lokacin magana bai kai 11.5 ba, sai murya ta riƙa karkarwa ko na'urar ta kashe kanta ta sake tashi. Mutane kan zargi na'urar, alhali waya ce.

Faifan sola na wat 300 zai riƙe batirin, amma wasu na'urorin cajin sola, irin waɗanda ake kira MPPT, suna zuba ƙara a zango. A gwada: a cire faifan a ga ko ƙarar ta faɗi. In ta faɗi, a yi caji lokacin sallah da cin abinci kawai. Janaretan rumfuna da fanka a kai shi mita 30 ko fiye daga eriya, ta inda iska za ta kwashe hayaƙin, a kuma kafa masa ƙarfen ƙasa. Ƙasar Nuwamba ta bushe, a zuba wa gindin ƙarfen bokitin ruwa safe da yamma.

Eriya

Waya biyu da igiya sun isa. Tsawon eriya mai hannu biyu, a mita, shi ne 143 a raba da adadin MHz ɗin da za a yi aiki a kai. A 14.2 ya zama mita 10.07, wato kusan 5.04 kowane hannu. A 7.1 ya zama mita 20.14, kowane hannu 10.07. A yanka da rarar santimita 20 a kowane gefe, a lanƙwashe rarar a murɗe ta kan wayar maimakon a datse, domin abin da aka yanke ba ya dawowa.

A ɗaga tsakiya a kan bututu ko gora mai mita 8 zuwa 10, da igiyoyi uku a kewaye daidai wa daida, turakunsu nesa da gindi kamar mita 6. Bakin wayoyin su tsaya mita 3 daga ƙasa, inda hannun yaro ba zai kai ba, saboda a nan ne wutar take taruwa, tana ƙuna. A zagaye wurin da igiya mai jan ƙyalle. Nisan sandar daga kowace wayar wuta ya ninka tsayinta biyu. Wayar eriya ta miƙe gabas da yamma, domin irin wannan eriya ta gefenta take jifa, Turai kuma arewa take da mu.

Kebul ɗin ya zama mai om 50: RG-58 in bai wuce mita 20 ba, RG-213 in ya wuce. A naɗe shi zagaye 8 mai faɗin santimita 15 a ƙarƙashin mahaɗar eriya, don kada sigina ta biyo bayan kebul ta dawo tebur ta riƙa cizon leɓe a makirufo. Sai awon SWR, wato awon da ke nuna yadda eriya ta dace da zango, da ƙaramin ƙarfi, wat 5. In MHz ɗin da SWR ya fi sauka a kansa bai kai wanda ake so ba, waya ta yi tsawo. A zangon mita 20, wato na 14.2 MHz, rage santimita 5 a kowane hannu yana matsar da shi sama da kusan 140 kHz, a zangon mita 40 kuwa, wato na 7.1 MHz, santimita 10 yana ba da kusan 70 kHz. SWR ƙasa da 1.5 ya yi kyau. Daga 2 zuwa sama yawancin na'urori suna fara rage ƙarfi.

In tashoshi biyu ne, kowace ta zauna a zangonta, eriyoyin su jeru baki da baki da tazarar mita 30. In aka jera su gefe da gefe, ɗaya na magana ɗaya ta kurmance. Iska mai ƙura kuma tana tara wuta a doguwar waya har a ji ƙyas-ƙyas a bakin fulogi. Kafin a ɗaura kebul a na'ura, a taɓa tsakiyarsa da jikinsa a ƙarfen ƙasa, da dare kuma a cire shi gaba ɗaya.

Kasuwa da teburin gwaji

Nan ne zuciyar taron. A raba kasuwar uku: 'yan kasuwa masu sabon kaya, masu tsohon kaya da suka kwaso daga ɗaki, da masu gyara. Tebur mai mita 2 ga kowa, hanya mai mita 3 a tsakani, lamba a kan kowane tebur. A gayyato masu gyaran rediyo da talabijin na kasuwa da masu haɗa dish da masu sola. Yawancinsu ba su da lasisi, amma hannunsu ya san dalma, kuma daga cikinsu ake samun sababbin 'yan ƙungiya.

Ƙa'ida ɗaya ba a sassauta ta: duk abin da ke aika sigina, ko ƙaramar oba-oba ce, ba a sayar da shi sai ga mai lasisi, kuma sai an rubuta a littafi sunan mai saye da lambar kiransa da lambar jikin na'urar da teburin da ya sayar. Rediyon sauraro, kebul, fulogi, batir, littattafai, kowa na iya saye. Mai tebur ya sa hannu kan wannan kafin ya shimfiɗa kaya. Za a samu mai cewa "Alhaji, ai ƙanena ne, a gona zai yi amfani da ita." Amsar ɗaya ce, a faɗe ta da fara'a.

Teburin gwaji a sa shi a tsakiyar kasuwa, ƙarƙashin mutum biyu da ba sa sayar da komai. Kayansa: mai ba da wuta na bolt 13.8 amfiya 30, na'urar awon wuta, na'urar awon wat da SWR, eriyar gwaji mai om 50 wadda ke shanye sigina ba ta fitarwa, ƙaramin rediyo na biyu, gajerun kebul, da maganaɗisu. Kuɗi ba ya canza hannu sai kaya sun bi ta nan, mai saye da mai sayarwa suna tsaye.

Ana farawa da ido da hanci. Kusoshin da aka cinye kansu suna nuna an sha buɗewa. Warin ƙuna a ramin fanka, ko tsatsa a bakin fulogin eriya, dalilin rage farashi ne. A karanta rubutun baya: kayan Amurka na bolt 120 ne, na cikin Japan na bolt 100, wutarmu 230 ce, kuma kuskuren sakan ɗaya ne. A tabbatar da jan waya da baƙa kafin a jona. A kunna, a duba abin da take ja a sauraro. In ya haura amfiya 3 ba a taɓa komai ba, akwai ciwo a ciki. A juya kowane maɓalli, a murɗa babban maɓallin zango a hankali a ga ko lambobi na tsalle.

Sai aikawa, a kan eriyar gwaji kaɗai. A sa salon aikawa na FM ko na CW (saƙon Morse), domin SSB, salon murya na gajeren zango, ba ya nuna ƙarfi sai ana magana. A fara da wat 5, a hau zuwa ƙarshe, sakan 10 a kowane zango daga mita 80 zuwa mita 10. Mai wat 100 ta ba da 90 zuwa 100 ko'ina. In ta ba da rabi ko ƙasa da haka a duk zanguna, ko dai ɗaya daga cikin taransistocin ƙarshe ya tafi, ko kuma samfurin cikin gida na Japan ne: IC-7300M wat 50 ne, IC-7300S wat 10, kuma fuskarsu ɗaya da mai 100. In zango ɗaya ne kawai ya faɗi, matatar wannan zango ce, gyaranta da sauƙi. A koma SSB a yi magana ana saurare a rediyo na biyu. Daga nan a bar ta a kunne minti 15 a sake awo, saboda wasu cututtukan sai jiki ya yi ɗumi suke fitowa, musamman tsohuwar dalma da ta tsage.

Oba-oba da aka rubuta wa wat 8 ko 10 a kwali, a auna ta, kada a yi mamaki in ta ba da 4. A cire batirin a ɗora a tebur: in yana lilo, ya kumbura. Wadda aka kawo daga Amurka tana kaiwa 148 MHz, alhali a yankinmu zangon mita 2 ya tsaya daga 144 zuwa 146, a nuna wa mai saye iyakarsa. Kebul kuwa a feɗe bakinsa. In ragar jikinsa ta yi shara-shara ana hango farar robar da ke ciki, ko maganaɗisu ya kama tsakiyarsa, ko an kankare jan ya koma fari, ba tagulla zalla ba ce. Kebul ɗin dish mai om 75 ne, kada a karɓe shi a matsayin mai 50.

Abin da aka auna a rubuta a 'yar takarda a manna wa na'urar. Teburin gwaji ba ya yanke farashi, ba ya shiga ciniki.

Abin da zai riƙe baƙo

Ɗalibin da ya zo kallo ba zai tsaya jawabin awa biyu ba. Ya ji murya daga nesa, shi ne zai dawo. Da safe zangon mita 40 yana kawo maƙwabta, a LSB, ɗaya daga cikin nau'o'in SSB biyu. Daga hantsi zuwa yamma a koma mita 20 da 15 da 10, a USB, ɗaya nau'in, inda Turawa ke rububin lambar 5N don ba kullum suke samun ta ba. Mai aiki ya riƙe littafi da agogon UTC, wanda ke bayan namu da awa ɗaya, ya kuma san cewa Birnin Kebbi tana murabba'in JK22 a taswirar masu rediyon sha'awa, don za a tambaye shi. A sa lasifika baƙi su ji. Makirufo ba a miƙa wa marar lasisi sai in takardar izininku ta faɗi haka.

Nunin da ya fi kama hankali a nan shi ne QO-100, na'urar maimaita sigina ta masu rediyon sha'awa, wanda ke kan tauraron ɗan'adam na Es'hail-2 a digiri 25.9 gabas, kusan wuri ɗaya da Badr da kowane mai haɗa dish ya sani. Daga Birnin Kebbi yana gabas maso kudu, sama da kusan digiri 60. Ana buƙatar dish na santimita 90, LNB na gida mai PLL, bolt 12 da za a tura masa ta kebul, da ɗan RTL-SDR, ƙaramin rediyon sauraro da ake sokawa a jikin kwamfuta. Siginar tana saukowa tsakanin 10489.5 da 10490 MHz, LNB ya cire 9750, don haka a nema daga 739.5 zuwa 740. Mai haɗa dish ya fara kamo tashar talabijin ta Badr, ya juya wuyan LNB har sigina ta cika, sannan a sauya kebul zuwa kwamfuta. Muryoyin za su riƙa zamewa yayin da rana ke dukan LNB. A yi masa inuwa da kwali, a kulle manhajar kan siginar alama da tauraron ke aikowa a tsakiyar zangon. Sauraro ne zalla, kowa na iya zama ya murɗa.

Karatu a zaure ya zama gajere, minti 40: yadda ake neman lasisi, haɗa fulogin PL-259 da dalma, yanka eriya. A ware wa ɗalibai mata nasu zaman da nasu teburin dalma, in ba haka ba a baya za su tsaya har a tashi. Masu oba-oba a cikin fili su yi kira a 145.500 MHz su koma wata tashar ta gefe, da wat 1, kuma ba a fita ƙofa da ita a hannu.

Sauran kuwa sanannu ne: ruwan sha lita 3 ga kowane mutum a yini, wurin alwala da shimfiɗar sallah, bayi na maza da na mata, abin kashe gobara mai hoda kusa da batura, mai ba da agajin gaggawa. A tsayar da kasuwa da aikawa lokacin azahar da la'asar.

Kwashewa

A rufe da la'asar ɗin Lahadi, don baƙin Yauri da Zuru da Gusau su kwana su kama hanya da safe, kada kowa ya bi dare da na'ura a mota. Duk wanda ya sayi abin aikawa a ba shi rasit mai lambar jikin na'urar da kwafin wasiƙar izinin taro, saboda shingen hanya. Wajen saukewa, a kashe na'ura, a cire baƙar wayar batir kafin ja, a cire kebul, sannan mutum uku su riƙe igiyoyi ɗaya ya kwantar da sanda. A tumɓuke turaku duka a cike ramukan. A cikin mako guda a kai kwafin littafin ciniki ga ofisoshin tsaron da aka rubuta wa, a sake karɓar hatimi, a ajiye a fayil ɗin da za a buɗe wasiƙar baɗi da shi.